Babur Mai Kuka a Zaurenmu

Ni ban san shekaru da lissafin boko ba. Abin da na sani, mijina ya rasu a kakar shekarar da aka yi ƙuri'ar wi da no, wato i ko a'a ga Faransa, damina biyu kafin a sauke tutar Faransa, bayan yunwar nan da muka ci garin rogo har muka manta ɗanɗanon gero. Wansa kuwa, wanda nake wa wannan ta'aziyya, ya jira sai da na goya tattaɓa-kunne sannan ya bi shi. Talatar da ta wuce aka kai shi makwanci. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.

Ranar, 'yan kabu-kabun unguwarmu Zango, masu haya da babur, suka cika layin nan har bakin masallaci. Amma ba wanda ya iso da injinsa a kunne. Tun daga kan kwana kowa ya kashe, ya sauko, ya turo babur ɗinsa da hannu, sai ƙarar takalma kawai kake ji. Sun san Baba Soja, kamar yadda suke kiransa, bai taɓa yarda a tayar da inji a ƙofar gidan makoki ba. Dalili ne ba su sani ba.

Ina zaune a tsakar gida cikin mata ina jin su ta bayan katanga. Wani ya ce, "Ni fa ya taɓa kora ta daga rumfarsa don na ɗaure inji da tsumma. Ya ce in je in ɗaure kan kakata." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce shekara da shekaru yana kai masa gyara, bai taɓa ganin haƙoransa ba. Sai wata tsohuwa a gefena, wadda ba ta girme ni ba balle ta fi ni sanin gidan nan, ta karkato ta ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, mutumin da uwarsa ta mutu ba ta yafe masa ba."

Wannan magana ita ta hana ni cin tuwo ranar. Shi ya sa na zaunar da jikata, na ce ɗauko alƙalaminki, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Ni ina wurin. Da idona na gani.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, wan miji ne. Yaya nake ce masa tun ranar da aka kawo ni, shi kuma ya ce mini uwar yara, ko da yaran suka yi furfura. Su fatake ne, iyayensu da kakanninsu sun sha hanyar Agadas da Kano. Ni kuwa 'yar majema ce, ubana fata yake jima, uwata jaka take ɗinki, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Dangin miji ne dai suka daɗe suna cewa ana jin warin bagaruwa in na wuce.

Yaya shi kaɗai ne bai taɓa faɗa ba. Ya dawo daga yaƙin Annasara da ɗingishi da jakar kile-kilen kwance ƙarfe, ya kafa rumfa a bakin hanya. Labarin yaƙi bai ba kowa ba. Gajere ne, mai kaurin wuya, maganarsa kamar ana ciro ta daga rijiya. In aka kawo masa inji ba ya fara taɓa kile. Sai ya durƙusa, ya lakato mai da yatsa, ya murza, ya shinshina. Yana da buhun farin yashi da ake ɗebo masa daga korama. Duk abin da ya kwana a rumfarsa sai ya shimfiɗa masa yashi a ƙarƙashi, da safe bayan salla ya zo ya duba kamar mai duba sawun ɓarawo. In ya ga ɗigo, sai ya ce wa mai abin, "Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban. Bi shi sama." Wannan magana yaran Zango sun ji ta har sun gaji.

Mijina allurar shanu yake yi wa gwamnati. Shi akasin wansa ne, dogo, mai dariya, ba ya zama wuri ɗaya. Ya sayi wani tsohon baƙin babur hannun Annasaran da zai koma ƙasarsu. Lokacin babura a garin nan ba su da yawa, kowanne an san muryarsa. Namu in ya shigo layi yana duf-duf-duf, 'yata, da ba ta daɗe da iya gudu ba, sai ta yar da abin da ke hannunta ta nufi zaure.

A kakar nan babur ɗin ya fara yoyon mai. Ya kai wa Yaya, Yaya ya ce ya bar shi ya kwana biyu. Ya kwana ɗaya, da sassafe mijina ya je ya turo abinsa gida, don an aiko cuta ta shiga shanu wajen Takieta. Ina daka a tsakar gida sai na ji muryar Yaya a zaure.

"Ɗigonka na biyo tun daga rumfa har ƙofarka. Wa ya ce ka ɗauka?"

"Haba Yaya, ɗan mai ne. In ya ragu in ƙara."

"Ba raguwarsa nake ji ba. Sarƙa tana ɗiba tana watsa wa tayar baya. Dubi tayarka, kamar an shafa mata man shanu. Zoben fatar da zai tare man yana jiƙe a gwangwani, gobe in saka maka."

"Shanun mutane suna mutuwa, kwamandan, Annasaran da ke mulkinmu, kuma bai san gobe ba. In na dawo ka saka goma."

Na leƙo. Yaya ya kama ƙahon babur da hannu biyu, ya sa tayar gaba tsakanin ƙafafunsa. Mijina yana dariya yana ja, shi ko bai motsa ba. Sai Inna, uwarsu, ta fito daga ɗakinta da tasbaha a hannu.

"Kai, sakar masa! Kullum kai ne mai hanawa. Yaro yana aikin gwamnati, kana so a kore shi ya dawo ya zauna cikin baƙin mai irinka? Na ce ka saka."

Yaya ya dube ta. Ya buɗe hannunsa.

Da la'asar motar gyaɗa ta kawo su, shi a kwance bisa buhuna, babur ɗin ɗaure a gefe. Direban ya ce a wata kwana mai tsakuwa tayar baya ta zame, kansa ya bugi dutse. Babur ɗin fitilarsa ce kawai ta fashe.

Aka jingina shi a bangon zaure ta wajen hagu, aka rufa masa tabarma, don kayan mamaci ba a taɓawa sai an zo rabon gado. Ni na shiga takaba. Yaya ya rufe rumfarsa, bayan sadakar bakwai ba a sake ganin ƙafarsa a gidan ba.

To, ni ban yi kuka ba. Haka Allah ya yi ni. Matan gida suna birgima suna kururuwa, ni ina zaune da jinjiri a cinya, idona a bushe kamar ƙasar rani. Abin yana nan a ƙirjina kamar na haɗiye taɓarya, amma bai fito ba. Mutane suka gani, suka ajiye.

Sai ɗigo ya fara. Kowace safiya mai shara ta tarar da baƙin tabo a ƙasan zaure, ya gangaro ta wajen ƙofar da ke bi zuwa ɗakina. A zuba ƙasa a rufe, gobe ya sake fitowa. Aka yi turare, aka rataya laya a ƙahon babur, bai daina ba. Mata suka daina bi ta zaure su kaɗai. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, in na hango tabarmar nan daga ƙofar ɗakina, sai in ga kamar mutum ne ya jingina da bango ya sunkuyar da kai.

Gwaggon mijina, ƙanwar ubansu, ta zo zaman makoki daga Damagaram Takaya. Ita ta fara faɗa a fili. "Inji a kashe, ba mai hawa, me zai sa shi zuba? Matar da ba ta yi wa mijinta kuka ba, ai ƙarfe ya yi masa. Ku dubi inda hawayen ke nufa." Daga nan magana ta yi reshe. Aka ce majema dama ba a san abin da suke binnewa a ramukansu ba. Aka ce an ga na ba shi fura da hannun hagu. Maƙwabciyar da muke aron turmi da ita ta hana 'ya'yanta shigowa. Inna ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, tana ɗaki tana jan tasbaha.

Ranar sadakar arba'in, bayan an raba waina an yi addu'a, Gwaggo ta tsaya tsakar gida ta ce dangi sun gama shawara. Ran Alhamis za ta bi motar kasuwa da 'yata. Jinjirin kuma da zarar an yaye shi za a zo a ɗauka. Jinin gidansu ba zai tashi a hannun da ba a yarda da shi ba.

Na riƙe yarinyar nan har ta ce, "Inna, kina matse ni." Ba ni da uba mai faɗa a ji a Zango. Mai takaba kuma ko ƙofar gida ba ta fita, balle ta kai ƙara.

Sai muka ji an yaye tabarma a zaure.

Yaya ne. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya ce a kira Gwaggo, a kira Inna, a kira liman da duk wanda bai tafi ba. Ni ya ce in tsaya a bakin ƙofa inda zan gani.

Gwaggo ta ce, "Kayan mamaci za ka taɓa ba a raba ba?"

Ya ce, "Liman, wanke kayan marayu haramun ne?"

Liman ya ce ba haramun ba ne.

Ya turo babur ɗin wajen da rana ke shigowa. Ya wanke inji da kananzir, lungu-lungu, ya goge da tsumma har ƙarfe ya bushe ƙayau. Sai ya ce, "Uwar yara, a ba ni toka mai laushi, da rariya." Na tankaɗe masa tokar murhuna. Ya barbaɗa wa injin sama da ƙasa har ya yi fari fat, kamar an yi masa likkafani. Wata mata ta yi salati ta ja baya. Ya mayar da shi ya jingina ta hagu, yadda yake a da, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Yanzu kowa ya zuba ido. Kada wanda ya ce an ba shi labari."

Muka zauna tun hantsi. Kaji suna shigowa ana kora. Can wajen azahar, ya ɗaga yatsa ya nuna. A bayan ɗan faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, tokar ta fara yin duhu, ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Muna kallo ya yi jela, ya bi ƙarƙashin inji a hankali, ya zagaya, ya taru a kan wani ƙusa, ya ɗiga.

"Gwaggo, ga idon da ke kuka. Matso ki gani."

Ba ta matso ba. Ya kwance sarƙa, ya cire faifan, ya sa tsinken ƙarfe ya zaƙulo wani zobe baƙi. Ya ɗora a tafin hannunsa ya bi mutane da shi ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso gabana, kafin ya yi magana na gane. Fata ce. Fatar ƙasar Annasara, ta tsufa ta bushe ta tsattsage kamar ƙasan tafki.

Ya ce, "Wannan ita ke tare mai a ciki. Ta mutu tun yana da rai. Kun jingina shi ta hagu, mai ya kwanto a kanta, dole ya fita. Zauren nan kuma gangarensa wajen ɗakinta yake, ko ruwa kuka zuba can zai nufa. Da ta dama kuka jingina shi, da ba ku ga komai ba."

Gwaggo ta ce, "To in haka ne, ka tsayar da shi mu gani. In ya tsaya, na bar yarinya. In bai tsaya ba, kai ma ka san ba fata ba ce."

Ya fito da gwangwanin da ya jiƙa wancan zoben tun ranar. Fatar ta kumbura ta lalace. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwar yara, a gidanku wace fata ce ba ta jin mai da zafi?"

Na ce, "Ƙirgi, Yaya. Na gadon bayan sa. Ban da na ciki, yana saki."

"Akwai?"

"A ɗakin 'yar majema?"

Ranar ce kaɗai na ga gefen bakinsa ya motsa.

Na ajiye 'yar wuƙar da aka ba ni in riƙe a takaba, na ɗauko ta ubana. Ya ba ni tsohon zoben da ma'aunin sandar ƙarfen da zai zauna a kai. Ya ce ramin ciki ya ɗan fi sandar ƙanƙanta, don ya kama ta. A gaban dangin da suka ce ina wari na zauna na yanka. Na fere bakin har ya yi sumul, ba gefen da ya fi wani. Ya ɗaga shi wajen haske, ya juya, bai kushe ba. A wurin Yaya wannan yabo ne. Ya ɗumama mai ya jefa shi ciki ya kwana.

Washegari ya dawo. Ya goge mazaunin, ya shafa mai, ya tura zoben da wani guntun bututu, yana bugawa kaɗan-kaɗan ta kowane gefe don kada ya karkace. Ya mayar da faifai da sarƙa. Sai ya tsaya, ya ce dole a tayar da inji mai ya zagaya, in ba haka ba ba za a san gaskiya ba.

Ya taka sau biyu. A na uku ya kama.

Duf-duf-duf.

Jikata, ajiye alƙalamin in numfasa.

Muryar nan ta cika gidan. Kwana arba'in ba a ji ta ba. 'Yata tana bayan ɗaki tana wasa da ƙasa, sai ga ta da gudu, hannu a buɗe, tana cewa, "Baba ya dawo! Baba ya dawo!" Ta shiga zaure, ta tsaya, ta dubi babur, ta dubi Yaya, ta leƙa bayansa. Inna ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Yaya ya kashe inji. Daga ranar bai sake yarda a tayar da inji inda ake makoki ba. Ga dalilin, ku gaya wa 'yan kabu-kabu.

Ya shimfiɗa farin yashinsa, ya jingina babur ta hagu da gangan. Ya kwana. Da safe Gwaggo ta riga kowa zuwa. Yashi fari tas. Ta tona da yatsa ko an rufe wani abu, ba komai.

Amma ba ta ƙare ba. Ta ce, "Ɗigo ya tsaya. To yaron fa, me ya kashe shi? Mutum da ya saba hanya ya faɗi haka kawai?"

Inna tana tsaye a bakin ƙofarta. Ni na san abin da ya faru safiyar nan, Yaya ya sani, ita ma ta sani. Mu uku ne kaɗai.

Yaya ya ce, "Mai ne ya jiƙa taya. Na gani tun kafin ya tafi. Hannuna yana kan ƙahon nan, na saka. In ana neman mai laifi, ga ni. A bar mata 'ya'yanta."

Bai dubi wajen uwarsa ba.

Ran Alhamis Gwaggo ta hau mota ita kaɗai.

Maganar ta bi gari, cewa bakanike ya bar ƙanensa ya hau abin da ya san zai kashe shi. An daɗe ana kauce wa rumfarsa. Bai taɓa gyara zancen ba. Inna kuwa, gaskiya ne, har ta mutu ba ta sake haɗa ido da shi ba. In ya zo gaisuwa sai ta juya wajen bango ta amsa. Mutane suka ce fushi ne. Ni nake kai mata ruwan alwala, ni na san in ya fita sai ta bi bayansa da kallo ta kafar ƙofa har ya sha kwana. Daren da za ta cika ta sa na ɗauko mata tsohuwar hular Yaya, ta riƙe a ƙirji. Wadda ba ta yafe ba ba ta yin haka. Kunya ce ta hana ta, shi kuma ya ɗauke mata kayan ya tafi da shi kabari. Ni ma ban faɗa ba sai yau da ba wanda zai ji kunya.

Babur ɗin ya faɗo a rabon ɗana, amma a rumfar Yaya ya zauna. Ba a sake hawansa ba. Ranar Juma'a yakan tayar da shi kaɗan don fata ta sha mai, ya kashe. Da zoben roba ya shigo kasuwa yana saka wa kowa, amma wannan in fatarsa ta gaji sai ya aiko, "A ce wa uwar yara ƙirgi." Duk zoben da ya shiga injin nan ni na yanka.

Jiya na sa aka kai ni rumfar. Tun da ciwo ya kwantar da shi ba wanda ya tayar da injin. Na yaye buhun da ya rufa masa. Yashinsa na ƙarshe yana nan a shimfiɗe, da sawun yatsunsa inda ya baje shi. A tsakiya akwai baƙin ɗigo guda.

Na durƙusa na lakato, na murza, na shinshina. Mai ne. Na san daga inda ya fito, na san fata ce ta bushe, ba wanda ya fi ni sani a garin nan. Duk da haka na zauna nan a ƙasa. Kukan da aka nema a wurina shekarar ƙuri'a aka rasa, jiya ya zo, a rumfar kanikanci, gaban yaran mutane. Ban san na wane ne a cikin su biyun ba.

Cikin waɗanda suka zauna a zauren nan suna kallon toka, liman ya tafi, Gwaggo ta tafi, Inna ta tafi, maƙwabciyar turmi ta tafi. Ɗana yana nan, amma a goye yake ranar, bai san komai ba. Saura ƙanwar mijina da ke Birni, tsohon gari, idonta ya rufe, ba ta gane murya sai an faɗa mata. Saura 'yata a Takieta, da jikokinta, wadda har yau in tsohon inji ya wuce sai ta ajiye abin da ke hannunta. Sai ni. Akwai sauran ƙirgi a ƙarƙashin gadona, wuƙar ma tana nan. Wanda zai zo da safe ya duba yashin ne ban sani ba.